Muhawara: matsin bakin kwanson harsashin libarba, da matsayin wannan aiki a Sakkwato

Nura Runjin Sambo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin ƙarfe da injina. A darasinmu na motsi da ƙarfi malami ya kawo misalin libarba, bindigar nan ta hannu mai silinda da ke juyawa. Ya ce wani lokaci sai a harba uku ko huɗu, silindar ta cije ta ƙi juyawa, alhali ba abin da ya karye kuma ba datti. Wai harsasan da ba a kai ga harbawa ba ne ke zarowa daga kwansonsu har su tokare. Ya kuma ce masu sake cika kwanso a Amurka har gardama suke a kan irin matsin da ya kamata a yi wa bakin kwanso saboda wannan. Ni abin da ya ɗaure mini kai, harsashin da wuta ba ta taɓa ba, me zai fito da shi?

Malam Umaru (shugaban zaure): Wa'alaikumus salam. Kafin kowa ya amsa: bayanin yadda abu yake aiki an yarda, amma ba awon albarushi, ba inda ake saye, ba hoton kayan haɗi. Duk wanda ya saka irin wannan zan goge, in kuma cire shi. Kun san halin da jiharmu take ciki.

Alhaji Bello Tekzas: Malam Umaru, na ji kuma na bi. Nura ɗana, malaminku gaskiya ya faɗa, kuma a nan Amurka inda nake zaune abu ne da duk mai zuwa filin harbin wasa ya sani. Amsar ita ce, ba harsashin ne ya yi gaba ba, bindigar ce ta yi baya ta bar shi. Da an harba, libarba takan yi shuri da ƙarfi. Kwanson libarba yana da leɓe a gindinsa wanda ya hau bayan silinda, don haka idan silindar ta fizgu baya dole ta ja kwanson da ita. Shi kuwa kan harsashin, wato dunƙulen dalmar da ke bakin kwanso, abu ne mai nauyi, yana son ya tsaya inda yake. Ka hau kabu-kabu mai babur ya fizga ba zato, ai ka san yadda babur ke neman ficewa daga ƙarƙashinka. To haka kwanso ke neman ficewa ya bar dalma. Harbi na farko ya zaro ta kaɗan, na biyu ya ƙara, kafin a zo kan na biyar ko na shida hancinta ya leƙo gaban silinda, ya tokari gindin bututu. Shi ke nan, bindiga ta zama dunƙulen ƙarfe a hannu.

Nura Runjin Sambo: Allahu akbar, yanzu na gane. Kenan Alhaji, nauyin bindigar ma yana da tasiri?

Alhaji Bello Tekzas: Sosai ma. Abu uku ne ke haɗuwa: dalma mai nauyi, harsashi mai ƙarfi, bindiga mara nauyi. Kamfanin Smith & Wesson yana da wasu ƙananan libarba da nauyinsu bai wuce giram 350 ba, amma suna cin .357 Magnum. Irin wannan harsashi a babbar libarba ta baƙin ƙarfe mai fiye da kilo ɗaya ba ya cika ba da matsala, domin nauyinta na shanye shurin. A ƙaramar kuwa fizgar tana da kaifi ƙwarai. Ka kuma duba .44 Magnum, wanda dalmarsa ta yau da kullum ta haura giram 15. Shi ya sa ake lanƙwasa bakin kwanso ciki ya shiga wani ɗan tsagi da aka zagaye jikin dalmar da shi tun daga masana'anta. Wannan shi ne matsin naɗi. Akwai kuma matsin tsuke, wanda ba a lanƙwasa bakin, sai dai a matse shi ya kwanta a jikin dalma.

Baba Saje: Salamu alaikum. Ni na yi aikin soja, kuma na daɗe ga ɗakin ajiyar makamai kafin in aje aiki. Abin da Alhaji yah hwaɗi daidai na, amma in ƙara muku wani abu. Mu ga bariki ba mu sake cika kwanso, ko guda. In anka tahi filin harbi, bayan an ƙare sai an tsince kwanso an ƙirga, an maida shi ga ma'aji. Ba don rowa ba. Harsashin da soja zai ɗora ransa bisa, dole ya hito daga masana'anta da lambar rukuninsa, in anka ga aibi ga guda a janye rukunin baki ɗai. Shi ya sa gwamnati tak kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964. Wanga aiki na cika kwanso cikin gida al'adar Amurka ta, inda doka ta yarda kuma kayan awo na ga hannun kowa.

Nura Runjin Sambo: Baba Saje, Allah ya ƙara girma. To me ya sa ba za a yi wa kowane harsashi matsin naɗin ba a huta, tunda shi ya fi riƙo?

Alhaji Bello Tekzas: Tambaya mai kyau, kuma nan ne asalin bambancin. Dole ne kowane harsashi ya samu abin da zai tsayar da shi a ɗakinsa, kada ya zurma ciki. Na libarba, irin su .38 Special da .357 da .44 da .45 Colt, leɓen gindi ne ke tsayar da su, saboda haka bakin kwanso ba shi da wani aiki a wajen, kana iya lanƙwasa shi. Amma fistol mai ɗura wa kanta harsashi, mai 9mm ko .45 ACP, kwansonta ba shi da leɓen da ya fito waje. Gefen bakin kwanson ne ke tokarar wani ɗan mataki a cikin ɗakin harsashi. Idan ka naɗe wannan bakin ciki, ka kawar da abin da zai tokara. Sai harsashi ya zurma fiye da ƙima, ko dai ya ƙi tashi, ko bakin ya cushe a inda bai kamata ba matsin wuta ya hau.

Kuma matsalar fistol kishiyar ta libarba ce. A fistol hancin harsashi ne ke bugun gangaren shiga, sai dalma ta koma ciki. Idan ta koma, wurin da albarushi zai ƙone ya ragu, ƙarfin da ke cikin kwanso ya ƙaru. A libarba zarowa ake tsoro, a fistol nutsewa.

Abin sha'awa, akwai libarba da aka ƙera don cin 9mm. Ana jera harsasan a wani ɗan faifan ƙarfe kafin a zuba. Irin waɗannan sun yi suna wajen zarowar dalma, domin harsashin da aka yi wa matsin fistol ne aka sa shi a aikin libarba.

Ɗan Maƙera: Ni ban san libarba ba, amma na san tagullar da ake yin kwanso da ita, a Maƙera Assada aka haife ni. Alhaji, ranka ya daɗe, akwai abin da ban yarda da shi ba a wannan bayani. Ka sa mutane za su ɗauka ƙara matsi shi ne ƙara riƙo. Tagulla ba ta haka. Idan ka matsa ta fiye da yadda take so, tana da ɗan dawowa, tana buɗewa kaɗan bayan ka saki. Dalma kuwa ba ta dawowa, inda ka matse ta nan take zama. To idan ka danne su tare da ƙarfi, dalma ta tsuke ta zauna, tagulla ta ɗan saki, me ka samu? Riƙon ya ragu ne, bai ƙaru ba.

Alhaji Bello Tekzas: Wallahi Ɗan Maƙera ka taɓo inda masana abin ke tsayawa. Ban ce ƙara matsi ƙara riƙo ba ne, amma gara da ka fito da shi fili. Yawancin riƙon ba daga bakin yake zuwa ba, daga wuyan kwanso ne, wanda ya ɗan fi dalmar tsukewa, ya rungume ta ko'ina. Matsin baki ƙari ne a kan wannan. Idan wuya ya saki, ko ka naɗe baki har ya murƙushe ba zai hana zarowa ba. Kuma wanda ya wuce gona da iri yakan ga kwanso ya yi ƙusumbi a ƙasan baki, har ya ƙi shiga silinda. Akwai kuma dalmar da aka yi wa siririn rufi na jan ƙarfe ta hanyar lantarki, wadda galibi ba ta da tsagi. Ita idan aka naɗe mata baki da ƙarfi sai ya yanke rufin.

Ɗan Maƙera: To yanzu mun daidaita. Sai kuma abu na biyu. Kwanson nan jan ƙarfe ne kashi 70, tutiya kashi 30. Irin wannan tagulla duk lokacin da ka lanƙwasa ta ka miƙe, ƙara tauri take, har ranar da za ta tsage. Mu a maƙera idan muna bugun ta muka ji ta fara gardama a ƙarƙashin guduma, mun san lokacin mayar da ita wuta ya yi, in ba haka ba ta dare. Kwanson da aka buɗe wa baki, aka naɗe, aka harba, aka sake buɗewa, ai kowane zagaye ana cin ransa ne. Ido ba ya ganin gajiyar ƙarfe sai ta fito.

Baba Saje: Ɗan Maƙera, Allah shi yi ma albarka. Wagga magana ta gajiyar ƙarfe ita ta ke kashe mutane, ba komi ba.

Musa Sabon Birni: Ku yi haƙuri iyayena, tun ɗazu nake karantawa raina na ɓaci. Kuna ta zancen Amurka da filin harbin wasa. Mu a gabashin Sakkwato ba wasa muke ba. Ku tambayi mutanen Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah yadda ake kwana. An sa wa ƙauyuka haraji, an hana noma, an kwashe shanu. An shigo ƙauyen kakannina da dare, aka yi ta kiran neman ɗauki, gari ya waye ba wanda ya zo. Sannan Malam Umaru ya ce kada a faɗi awo, kada a faɗi komai. Ɓarayin daji suna da harsashi buhu-buhu, talaka kuma ko sanin yadda ake cika kwanso haramun ne gare shi? A 2022 gwamnan Zamfara na lokacin ya ce mutane su nemi bindiga su kare kansu. Me ya sa mu za mu yi ta ɓoye ilimi?

Malam Umaru (shugaban zaure): Musa, Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ba wanda ya raina abin da kuke ciki. Amma zauren nan mutum nawa ne a ciki, kuma wa ya san kowa? Abin da na rubuta domin kai, wanda ya kai muku harin ma yana iya karantawa. Dokar tana nan.

Barista Hadiza: Musa ƙanena, ina jin zafin da kake ji, dangin mahaifiyata a Wurno suke. Amma bari in faɗa maka abin da doka ta ce, domin kada wani ya jefa kansa a rami yana ganin kare kai yake yi. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta raba bindigogi gida uku. Gida na farko su ne haramtattu, kuma libarba da fistol a nan suke, tare da bindigogin yaƙi da masu sarrafa kansu. Ba mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Gida na biyu irin su bindigar harbin tsuntsu da ta farauta, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Gida na uku su ne na ɗuri ta baki, irin bindigar toka ta maharbanmu, waɗannan Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da iko a kansu.

Sai maganar da ta shafi wannan muhawara kai tsaye. Dokar ta hana mallakar harsashi ba tare da lasisin bindigar da ke cin sa ba, ta kuma hana ƙerawa ko haɗa bindiga ko harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar soja. Sake cika kwanso haɗa harsashi ne, ba wata fassara. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 10 ne. Maganar gwamna a gaban 'yan jarida ba ta soke dokar tarayya, kuma ranar da aka gurfanar da kai alƙali dokar zai buɗe, ba jarida ba.

Musa Sabon Birni: Anti Barista, dokar da ba ta iya kare ni ba, ita ce za ta ɗaure ni?

Barista Hadiza: Tambayarka tana da nauyi, kuma ni ma ina ganin dokar ta tsufa, tun kafin samun 'yancin kai aka yi ta. Amma hanyar da ke buɗe a yau ita ce ta ƙungiya a ƙarƙashin hukuma. Gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2024, akwai kuma 'yan sintiri da maharba masu rajista. Wanda ke cikin irin wannan tsari yana da suna a takarda, yana da shugaba, yana da wanda zai tsaya masa. Wanda aka tare a hanya da kwanso cike a aljihu ba shi da kowa, kuma a yanayin da ake ciki ba za a ɗauke shi mai kare kai ba, za a ɗauke shi mai kai wa ɓarayi kaya.

Baba Saje: Musa ɗana, aje batun doka gehe guda, mu yi batun ranka. Ka ji abin da Nura yat tambaya tun farko: bindiga ta cije bayan harbi uku. Wanga ga mutanen da ke da ma'auni da littafi da kayan aiki na ƙwarai ke nan, kuma ga filin wasa, inda in ta cije sai ka aje ka sha ruwa. To kai da za ka tsaya gaban mai AK da harsashin da anka cika da ƙiyasi, in ta cije maka mi za ka yi? Akwai kuma wadda ta hi wannan muni. In albarushi ya yi kaɗan ko bai kama ba, dalma ta tahi ta tsaya tsakiyar bututu. Cikin ruɗani ba ka ji bambancin ƙara ba, ka sake jan kunama, na biyu ya iske na farko. Nan bututu ke kumbura ko ya hwashe ga hannunka. Na ga hannun da wanga abu ya taɓa, ba ni son in sake gani.

Alhaji Bello Tekzas: Baba Saje ya faɗi gaskiya, bari in sa lamba a kai don Nura. A nan akwai ƙungiyar masana'antun makamai da ake kira SAAMI, tun 1926, ita ke tsayar da iyakar matsin wuta na kowane harsashi. Na .38 Special iyakarsa fam 17,000 ne a kan kowane inci murabba'i. Na .357 Magnum fam 35,000, ninki biyu da ɗoriya. Kaurin dalmarsu ɗaya ne. Da aka fito da .357 a 1935, da gangan aka ƙara wa kwansonsa tsawon kusan milimita 3, domin kada ya shiga tsohuwar libarba ta .38 ya tarwatsa ta. Ku duba, milimita 3 ce tsakanin lafiya da asarar yatsu. Kamfanonin albarushi suna da ɗakunan gwaji da na'urar auna wannan matsi, su buga littafi, mai cikawa kuma ba ya kauce wa littafin ko da ƙwayar gero. Ma'auninsa yana gane bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba. Duk da haka ana samun haɗari. Kuma ko a nan, cika wa kanka ne doka ta yarda, sayarwa sai da lasisin tarayya.

Nura Runjin Sambo: Alhaji, akwai wani abu da malamin ya ambata wanda ban kawo ba. Ya ce matsin bakin kwanso yana shafar yadda albarushi ke ƙonewa ma, ba riƙo kaɗai ba.

Alhaji Bello Tekzas: Haka ne, kuma a nan ne masu abin suka rabu biyu. Albarushin zamani iri-iri ne, wani na ci da sauri, wani a hankali. Manyan harsasai irin Magnum suna amfani da mai ci a hankali, shi kuma ba ya kamawa da kyau sai an ɗan riƙe dalma na ɗan lokaci matsin wuta ya taru. Idan dalma ta kufce da wuri, wani harbin ya yi ƙarfi wani ya yi rauni, ka ga ɓurɓushin da bai ƙone ba. Don haka masu manyan harsasai suna son naɗi mai ƙarfi. Masu gasar saiti kuwa, da ke harba .38 mai sauƙi a takarda, sun ce matsi kaɗan ya wadatar, domin duk abin da ya taɓa siffar dalma yana taɓa saiti. Ni ina tare da masu cewa a yi gwargwadon buƙata kawai, abin da zai hana zarowa, kada a ƙara. Yadda suke tabbatarwa kuwa, sukan auna tsawon harsashi ɗaya, su bar shi a silinda su harba sauran, su sake auna shi. Idan ya ƙara tsawo, riƙon bai isa ba.

Sannan duk wannan ba ya yiwuwa sai tsawon kwanson ya zama ɗaya. Wanda ya fi tsawo zai sha matsi da yawa, gajere ya sha kaɗan, a saiti guda. Kamfanoni irin su Lee da RCBS da Redding sana'arsu ke nan, ƙera ƙarafan da ke wannan aiki daidai wa daida.

Maharbi na Dange: Ni bindigar toka na gada, da ita ubana ya yi farauta, kuma da takardata. Abin da nake so matasa su ji shi ne wannan. Yanzu akwai yaran da ke fasa harsashin zamani su zuba abin cikinsa a bindigar toka, wai ta fi ƙarfi. Albarushin gargajiya daban, na zamani daban. Bututun bindigar toka ba a yi shi don na zamani ba, ba ya ɗauka. Wanda ya yi haka ba dabba ya harba ba, fuskarsa ya harba. Mu da muka san abin ba ma yi, sai wanda ya shigo jiya.

Baba Saje: Maharbi, ka hwaɗa musu. Ko ga Turai da Amurka an rubuta wanga gargaɗi bisa jikin irin waɗannan bindigogi.

Sista Rabi: Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in kawo ɓangaren da ba a taɓo ba. Irin raunin da Baba Saje da Maharbi ke faɗa muna karɓarsa: yatsu, ido, ƙarfe a cikin kunci. Yawanci kuma ba a kawo mutum da wuri, saboda tsoron tambaya, sai ciwon ya ruɓe. Amma abin da ya fi damuna dalma ce. Wanda ke narka dalmar tsohon batir a tsakar gida don yin harsashin toka ko nauyin komar kamun kifi, a tukunyar da ke kusa da murhu, yara na wasa a wurin, bai san abin da yake shuka musu ba. Dalma na narkewa a digiri 327, wutar gawayi ta isa, shi ya sa ake raina ta. Ƙurarta na sauka a ƙasa, yaro ya shafa ya kai baki. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Can daga dutse ta fito, nan daga batir, amma gubar ɗaya ce. Yaron da bai mutu ba tana taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa.

Alhaji Bello Tekzas: Sista, a nan ma likitoci na gargaɗin masu wannan sha'awa su riƙa gwada jini. Ɗan abin da ke gindin kwanso mai tayar da wuta, yawancinsa da sinadarin dalma ake yi, saboda haka ko kwanson da aka riga aka harba yana ɗauke da ƙurarta. Ba a cin abinci a wurin, ba a barin yara su shiga.

Sista Rabi: To ka ji. Mu kuwa a ƙauyukan da aka yi artabu yara ne ke tsintar kwanso, su busa shi kamar usur, wasu su tara su kai wa masu gwangwan. A ciki kuma akan samu wanda bai tashi ba.

Ɗan Maƙera: Wannan ya taɓa sana'armu kai tsaye. Tarkacen tagulla idan ya zo, sai mun zazzage mun duba ɗaya bayan ɗaya kafin ya kusanci wuta, domin cikakke guda ɗaya a cikin tukunyar narki ya isa ya watsa wa mutum narkakken ƙarfe a jiki. Ni yanzu in na ga kwanso a cikin kaya ma ba na saye, na gaya wa yarana su ma kada su karɓa.

Musa Sabon Birni: Na ji duk abin da kuka ce, kuma maganar Baba Saje ta shige ni, domin na san wanda bindigar ƙirar gida ta cinye wa hannu. Amma ban janye ba a kan cewa an bar mu. Anti Barista, idan gaskiya akwai hanyar da maharban ƙauyenmu za su samu takarda a kan bindigogin tokar da suka gada, a kuma san da su a hukumance, ina so in san ta daga farko har ƙarshe. Su wa ake gani, me ake kaiwa?

Barista Hadiza: Ana farawa ne daga mai gari da hakimi, su shaida mutum, sannan ofishin 'yan sanda na yankin, daga nan takarda ta tafi hedikwatar jiha wurin Kwamishina. Kada kowa ya ɗauki bindiga ya nufi ofis da ita kafin a yi magana, shugaban maharbanku ya fara zuwa da sunaye. Kwanso da harsasan da yara ke tsinta kuma kada a ajiye su a gida, kada a jefa a wuta, a sanar da mai gari ya kira jami'ai su kwashe. Ka turo mini saƙo ta gefe da sunan gundumarku, gobe in Allah ya kai mu zan rubuta maka sassan dokar da Hausa, ka kai wa shugaban maharban ya karanta wa mutanensa.